Mai Kiɗan DJ: Sana'a Ce Ko Shashanci?

A duk lokacin da Bahaushen yau ya zauna lissafin hidimar biki, akwai abubuwan da ba ya mantawa da su. Zai lissafa sadaki da lefe, da kayan ɗaki da gara, da anko da kuɗin zauren taro, da abinci da mai ɗaukar hoto. Sai an kusa rufe lissafi sannan wani zai ce, "Af, mai kiɗa fa?" Daga nan sai a tura wani yaro daga cikin dangi ya nemo mai DJ, a kuma ja masa kunne kada ya yarda a tsawwala masa kuɗi, tunda dai aikin bai wuce danna na'ura ba. Amma a ranar biki, idan taro ya yi sanyi, ko sauti ya ɗauke amarya tana tsakiyar fili, ko aka sa waƙar da ta sa iyaye suka sunkuyar da kai, babu mai tunawa da mai abinci ko mai hoto. Mutumin nan da aka tuna da shi a ƙarshe, shi ne za a fara zagi.

Mun daɗe muna lura da wannan lamari a bukukuwan 'yan'uwa da na ɗalibai, a can Arewa da kuma nan Kudu. Ra'ayin da muka tsaya a kansa shi ne, kiɗan DJ a wurin biki sana'a ce mai ilimi da ƙa'ida, kuma mai yin ta magaji ne ga makaɗan biki na gargajiya. Ya gaji aikinsu, ya kuma gaji rainin da aka yi musu. Muddin muna ɗaukarsa ɗan shashanci, muna biyansa ladan ɗan shashanci, to kada mu yi mamaki idan aikin shashanci muka samu.

Domin a fahimci wannan magana, ya kamata mu waiwayi baya kaɗan. Bisa ga al'ada, kusan kowane rukuni na jama'ar Hausa yana da kiɗansa. Sarakuna suna da tambari da kakaki da algaita, da kotso da taushi. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma. A sha'anin aure kuwa, 'yan mata sukan yi rawa da kalangu a dandali, matan aure kuma su taru a cikin gida da ƙwarya da shantu, zabiya na waƙa, mai guɗa na rangaɗawa. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, zai ga irin gurbin da makaɗa da maroƙa suke da shi a auren mutanen ƙasar Zazzau tun farkon ƙarni na ashirin. Ba a raba biki da kiɗa, sai dai a gidajen malamai da suka zaɓi hakan.

Duk da wannan buƙata da ake da ita gare su, makaɗa ba su tsira daga raini ba. M. G. Smith, wanda ya yi rubutu a kan roƙo a 1957, da kuma kan darajojin jama'ar Hausa a 1959, ya nuna cewa makaɗa da maroƙa suna cikin rukunin ƙasa a tsanin daraja. Mu ma ba ma buƙatar Bature ya gaya mana, don mun san gidajen da har gobe ba sa ba makaɗi aure. Ana so a ji muryarsa yana wasa kakannin mutum, amma ba a so ya zama suruki. Sai da aka kai 1988 sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana faranta wa jama'a rai. Saboda haka, idan yau an kalli mai DJ a wulaƙance, tsohon hali ne ya sami sabon wanda zai hau.

To, yaya aka yi aikin ya bar hannun mai kalangu ya koma hannun mai na'ura? Abin bai faru a dare ɗaya ba. Garmaho ne ya fara raba murya da mai ita, har mutum ya iya sauraron makaɗi ba tare da makaɗin yana wurin ba. Rediyo ya biyo baya, sannan kaset ya cika kasuwanni a shekarun 1970 da 1980, rikoda ta shiga ɗakin amare. Daga 1990, shekarar da aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, harkar finafinan Hausa ta kankama, ta kuma haifar da waƙoƙin fiyano waɗanda ake haɗawa a ɗakin ɗaukar sauti. Kafin a ankara, waɗannan waƙoƙi sun zama su ne abin rawar 'yan mata, har ta kai ana zuwa wurin mawaƙi takanas a yi wa amarya da ango waƙarsu ta musamman. A daidai wannan zamani kuma manyan makaɗa suka yi ta tafiya: Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙa ta koma cikin faifai da waya da kwamfuta, sai aka buƙaci wanda zai fito da ita ya kai ta gaban taro.

Shi kansa sunan DJ baƙo ne. Ya samo asali daga masu sa faifai a gidajen rediyon Amurka, sana'ar kuma ta bunƙasa a Jamaika a shekarun 1950, inda ake fito da manyan lasifiƙoƙi fili ana sa wa jama'a faifai suna rawa. Ta hanyar gidajen rediyo da wuraren shaƙatawa na manyan birane irin su Legas ta iso gare mu. Amma baƙuntar suna ba ta hana aiki zama na gida. Tela ma da keken ɗinkin Bature yake aiki, ba wanda ya ce babbar rigar da ya ɗinka ba ta Bahaushe ba ce.

Yanzu bari mu dubi aikin kansa, domin a nan ne mafi yawan mutane suke yin kuskuren ɗauka cewa danna na'ura ne kawai. Ƙwararren mai DJ yakan fara aikinsa kwanaki kafin biki, don ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Zai nemi masu biki ya zauna da su. Zai tambayi sunan amarya da na ango da yadda ake kiran iyayensu, da mutanen da ya wajaba a ambata, da waɗanda ambatonsu zai jawo magana. Zai tambayi irin waƙoƙin da gidan yake so, da waɗanda ba a yarda a ji su ba ko da wasa. Zai je ya ga wurin da za a yi taron, ya san inda zai kafa lasifika don kada ta yi ta kuwwa, ya san inda tsofaffi za su zauna don kada ya juya musu bakinta. Zai tanadi janareta da mai, da makirfo na biyu, da wayoyin ko-ta-kwana, saboda ya san halin wutar lantarki a ƙasar nan. Waɗannan kaya jari ne mai nauyi, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin tayar da janareta da na motar ɗaukar kaya sun ninka. Ga yaran da ke ɗauka suna saukewa, su ma da bakinsu. Shi ne yake riga kowa zuwa, kuma sai kowa ya watse yake naɗe wayoyinsa.

Wannan duka sharar fage ce. Ainihin gwanintar tana ga sanin taro. Kowane zama na biki yana da yanayinsa: na kamu dabam, na sa lalle dabam, na yini dabam, na dina dabam, haka nan lokacin da za a fita da amarya, sa'ad da uwa take share hawaye, ba lokacin kiɗan tsalle ba ne. A cikin zama ɗaya ma akwai tsari. Akwai lokacin da baƙi suke shigowa suna gaisawa, wanda ke son sauti mai laushi da ba zai hana jin magana ba. Akwai shigowar amarya, wadda idan aka kuskure mata ba a maimaitawa. Akwai fitowar iyaye mata, da ta dangin ango, da ta ƙawaye, da ta abokai, kowa da irin abin da zai taka ba tare da ya ji kunya ba. Gwani yana kallon ƙafafun mutane da fuskokinsu fiye da yadda yake kallon na'urarsa. Yana gane lokacin da waƙa ta gaji tun kafin masu rawa su gane, ya zare ta ya sa wata wadda bugunta ya yi daidai da na farko, ba tare da ƙafa ta yi tuntuɓe ba.

Mu da muke nazarin adabi bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba. Muna koya wa ɗalibai zubi da tsari, muna nuna musu yadda labari yake da mabuɗi, ya hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka. Muna kuma yaba wa wanda ya tattara waƙoƙin wasu ya jera su a littafi, domin mun san zaɓe da jerantawa su ma fasaha ce. Abin da mai DJ yake yi ke nan, sai dai shi a gaban jama'a yake yi, nan take, ba shi da damar gogewa ya sake. Idan kuma shi ne riƙe da makirfo, to ya haɗa da aikin sanƙira, wanda ya san asalin kowa, ya san wanda ake fara kira da wanda ake jinkirtawa, ya san kirarin da zai sa mutum ya ji an girmama shi.

Bari mu ba da misali da abin da muka gani da idonmu. An yi wani biki inda ango yake ƙara aure, uwargida kuma ta daure ta zo da 'yan'uwanta, suka zauna gefe guda fuska ba walwala. Kowa a wurin ya san cewa kalma ɗaya tana iya tayar da ƙura. Mai DJ ɗin, wani saurayi da bai wuce shekara talatin ba, bai fara da amarya ba. Ya rage sauti, ya kira uwargida da sunan ɗanta na fari kamar yadda ake yi wa manya, ya roƙe ta ta fito ta buɗe fili a matsayinta na babba a gidan, ya sa mata kiɗan ƙwarya irin na iyayenmu mata. Ta fito, 'yan'uwanta suka biyo ta, dangin amarya suka taso suna yi mata kari. Daga wannan lokaci har aka tashi ba a ji kan kowa ba. Da muka bincika daga baya, sai muka ji ashe tun kwana uku kafin bikin ya tambayi yadda gidan yake. A wani bikin mai kama da wannan kuwa, mun ga wanda bai tambayi komai ba, ya ɗauko waƙar habaicin kishiya don ita ake yayi, ya saka. Kafin a kai rabinta kujeru sun fara tashi sama, kuma gabar da aka ƙulla a wannan yammaci ta daɗe ba ta warware ba. Kayan aikinsu iri ɗaya ne, watakila ma waƙoƙin da ke cikin kwamfutocinsu ɗaya ne. Bambancin yana ga hankali da tarbiyyar sana'a.

A nan Kudu aikin ya fi haka nauyi. Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi nazari a kanta a littafinsa na 1969, an kafa ta tun 1916, ga kuma Agege da Idi-Araba a Legas. Bikin da za a yi a irin waɗannan unguwanni yakan tara dangin da suka taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, da maƙwabta Yarabawa waɗanda suka saba da fuji da juju, da abokan karatu daga kowace kusurwa ta ƙasa. Mai DJ ne zai san yadda zai ba kowa haƙƙinsa ba tare da bikin ya tashi daga na Hausawa ba. Daɗin daɗawa, yaran da aka haifa a nan, waɗanda Yarabanci da Turanci suka fi yawa a kunnuwansu, da yawansu a wurin biki ne suke fara jin muryar Shata ko Barmani, su ga kakarsu ta miƙe tana takawa a hankali, su tambaya ko wane ne wannan. Mai DJ da ya san darajar waɗannan faya-fayai ya zama ma'aji na adabin baka, ko da shi kansa bai san sunan da muke kiran abin da shi a aji ba.

Ba mu ce babu abin zargi ba. Ƙorafin da iyaye da malamai suke yi yana da tushe, kuma ruwa ba ya tsami banza. Akwai masu sa waƙoƙin batsa a gaban yara da surukai. Akwai masu ƙure sauti har tsakar dare a unguwar da take da marasa lafiya da jarirai. Akwai waɗanda ladan yana kiran salla su kuma suna ƙara wuta. Akwai tarukan da ake cakuɗa maza da mata ba tsari, da waɗanda 'yan daba suke fakewa da su su yi ta'adi. Irin waɗannan abubuwa ne suka sa hukumomi suka shiga maganar. A 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta sanar da hana maza masu DJ yin aiki a tarukan mata, a 2025 kuma Hukumar Tace Finafinai ta jihar ta hana shagalin nan da ake kira ranar ƙauyawa. Hukuncin kiɗa a addini fage ne na malamai, ba namu ba, kuma gidan da ya zaɓi ya yi walima da wa'azi kaɗai ya yi abin da ba mai zarginsa. Maganarmu tana kan dubban gidajen da za su kira mai kiɗa ko ta halin ƙaƙa. Su kam, abin da ya rage shi ne wane irin mai kiɗa za su kira.

Hasali ma, batun raba maza da taron mata yana tuna mana da cewa haka abin yake tun asali. Kiɗan cikin gida na mata ne. Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada da ire-irensu mata ne da suka riƙe taron mata da ƙwarya, suka ci abinci da sana'arsu, suka yi suna. Idan 'yan matanmu masu ilimi suka koyi sarrafa waɗannan na'urori suka karɓi tarukan kamu da yini, ba bidi'a suka kawo cikin al'ada ba, gurbin iyayensu suka koma.

Abin da zai raba gwani da ɗan ta-more shi ne ƙa'idar sana'a, kuma muna ganin lokaci ya yi da masu wannan aiki za su shimfiɗa wa kansu ita. Ta farko ita ce amana: ya zo a kan lokaci, ya tsaya a kan abin da aka yi yarjejeniya, ya riƙe sirrin gidan da ya shiga, kada ya ɗauki hoton matan mutane ya watsa a intanet don tallar kansa. Ta biyu, ya kashe sauti idan lokacin salla ya yi, ya kuma tashi a lokacin da aka ƙayyade. Ta uku, ya san cewa kunne amana ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta ce matsakaicin ƙarfin sauti a wuraren taro kada ya wuce desibel 100, domin abin da ya wuce haka yana iya lalata ji, kuma shi mai DJ da yaransa su ne suka fi kowa daɗewa a gindin lasifika. Ta huɗu, ya san dokokin da suka shafi filinsa. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta liƙa takardun naira da tattaka su a wurin biki, da hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar ₦50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 an gurfanar da mutane a kan haka. Mai hankali zai tanadi faranti ko ƙwarya, ya sanar da baƙi cikin ladabi inda za su ajiye karinsu. Haka nan dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana tuna masa cewa waƙoƙin da yake cin abinci da su suna da masu su.

Makaɗan da suka gabata ba su rasa irin wannan tsari ba. Yaro yakan shekara da shekaru yana amshi ko yana ɗaukar ganga kafin a bar shi ya ja waƙa, kuma a garuruwa da dama akwai Sarkin Makaɗa wanda ake kai wa ƙara idan wani ya yi abin kunya. Masu DJ suna buƙatar makamancin wannan: ƙungiya mai rajista a kowane gari, wadda za ta horar da sababbin shiga, ta tsayar da farashi mai ma'ana, ta hukunta wanda ya ɓata musu suna. Idan ba su tsaftace sana'arsu da kansu ba, wasu za su zo su yi musu da tsintsiyar da ba ta bambance gwani da ɗan ta-more.

Mu ma masu biki akwai namu nauyin. Wanda ya san darajar goro shi yake nema masa ganye. Mu nemi mai DJ da wuri kamar yadda muke neman mai abinci, mu tambayi waɗanda ya yi wa aiki a baya, mu zauna da shi mu gaya masa ko mu su wane ne. Mu biya shi haƙƙinsa cikakke, mu ba shi abinci da ruwa shi da yaransa, mu kuma wakilta mutum ɗaya da zai riƙa yi masa magana, maimakon kowane ƙanin ango ya zo da wayarsa yana cewa sai an sa tasa. Sannan kada zuwan na'ura ya sa mu manta da masu kalangu da ƙwarya da suka rage a raye, waɗanda kasuwarsu ta ja baya. Biki yana da zama fiye da ɗaya, kuma bikin Magaji ba ya hana na Magajiya. A ba su yini, a ba mai DJ dina, kowa ya samu.

A ƙarshe, muna da kira ga ɗalibanmu na Hausa. Abin da muka sani a yau game da makaɗan da, mun san shi ne saboda wasu sun ɗauke su da muhimmanci a lokacin da ake raina su. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya bi makaɗa gida-gida ya rubuta tarihinsu da hanyar nazarin waƙoƙinsu. Masu DJ na unguwanninmu suna jiran wanda zai yi musu haka: ya zauna da su, ya rubuta kalmomin sana'arsu da kirarin da suke yi, da yadda suke jera waƙoƙi, da yadda suke koyar da yaransu. Duk ɗalibin da yake neman batun kundin digiri, ga shi nan a bakin ƙofarsa kowace Asabar. Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya, ya kuma sa wa kowa albarka a cikin sana'arsa ta halal.